Makarantu 359: Kafin a sa wa firamaren garinku kwaɗo

A watan Mayun 2024 gwamnatin Kaduna ta sanar da cewa za ta haɗe makarantu 359 da wasu makarantun da ke wuraren da suka fi tsaro. Dalilinta shi ne rashin tsaro. Ta ce a zangon karatu na 2022/2023, 'yan firamaren jihar sun yi ƙasa da fiye da 200,000 idan aka kwatanta da zangon da ya gabace shi, kuma ta ɗora alhakin hakan a kan 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Wataƙila ka ga labarin a Facebook ko X a lokacin. Wataƙila ma ka danna masa fuskar kuka, ka rubuta "Allah ya kawo mana sauƙi", ka wuce bidiyo na gaba. Haka labaran ilimi suke a soshiyal midiya, ba su kwana biyu ana maganarsu.

Amma ɗan tsaya ka juya lambar nan a kanka. Makaranta 359. Kowace ɗaya tana da hedimasta, tana da filin taron safe, tana da mai sayar da awara ko ƙosai a bakin ƙofa, tana da yaran da iyayensu suka yarda suka tura su kawai don suna hango rufin makarantar daga ƙofar gida. Kalmar "haɗewa" tana da taushi a takarda. A ƙauye ma'anarta ita ce ɗaya za ta ci gaba, ɗaya kuma za a kulle ta.

Ba Kaduna ce ta fara wannan lissafin ba, kuma ba ita za ta zama ta ƙarshe ba. Idan yau ƙaninka ne ke firamare, gobe ɗanka ne. Ke kuma mai karatun NCE, makarantar da za a tura ki koyarwa tana iya kasancewa cikin waɗanda ake dubawa yanzu haka.

Lissafin da gwamnati ke yi

Bari mu yi wa gwamnati adalci tukuna, don hujjarta ba ta banza ba ce. Makaranta mai yara 40 da mai yara 400 kowacce na buƙatar hedimasta, mai gadi, rijiya ko famfo, banɗaki, da kwanon rufin da iska ke yayewa duk farkon damina. Firamare aji shida ce, ko yara nawa ne a ciki. In kana son kowane aji ya samu malaminsa, sai ka biya albashin mutum shida saboda yara 40, wato kowane malami bai kai yara bakwai ba. Alhali manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma kai da kanka ka san makarantun cikin gari inda yara ke haura ɗari a aji guda, wasu a kan taga, wasu a ƙasa. In kuma ba ka biya malamai shida ba, sai ka tarar da mutum ɗaya ko biyu suna zirga-zirga tsakanin azuzuwa, 'yan aji biyu na ta hayaniya ana koya wa 'yan aji biyar lissafi. Ba wanda ke ƙaruwa da wannan.

To jami'in da ke zaune a ofishin SUBEB ya dubi alƙaluman a kwamfuta, ya ce a tara yaran makarantu uku wuri ɗaya, a tara malaman, a zagaye da katanga ɗaya, a ajiye jami'an tsaro a ƙofa ɗaya. A kan allon kwamfuta babu mai ja da shi. Sai dai akwai abin da alƙaluman ba sa faɗa masa sai ya tambaya: ina yaran suka tafi?

A Japan, alal misali, yaran ne babu. Haihuwa ta ja baya har ta kai a 2022 jariran da aka haifa a duk ƙasar ba su kai 800,000 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 120. Ana rufe makarantun gwamnati kimanin 450 duk shekara, kuma daga 2002 zuwa 2020 an rufe fiye da 8,000. A 2023 wata ƙaramar sakandare mai suna Yumoto da ke ƙauyen Ten-ei a yankin Fukushima ta yaye ɗalibanta na ƙarshe, su biyu kacal, aka rufe ta bayan shekara 76. Har sun iya sarrafa kangon: a garin Muroto an mayar da wata tsohuwar firamare gidan kallon halittun ruwa, kunkuru na iyo a tafkin da yara ke koyon ninƙaya a da. Duk da haka ma'aikatar ilimin ƙasar, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce idan za a haɗe makarantu, tafiyar yaro ta tsaya a kimanin awa ɗaya ko da a mota ne.

Mu kuwa yaranmu suna nan da ransu. Suna talla a tasha, suna gona, suna raɓe a gidajen dangi a Kaduna da Zariya bayan an kori ƙauyensu. Shekara da shekaru UNICEF na ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Ajin da ya zama fanko a Birnin Gwari ko Giwa ko Chikun, ba don an daina sunan jarirai a garin ba ne. Tsoro ne ya kwashe yaran. Kuma idan tsoro ne dalili, rufe makarantar na iya mayar da hijirar wata shida ta zama ta har abada, domin magidancin da ke tunanin komawa gida, cikin abubuwan farko da zai tambaya akwai ko an buɗe makaranta.

Abin da ya faru a Chicago

Abin mamaki, labarin da ya fi kama da namu daga Amurka yake. Ranar 22 ga Mayun 2013 hukumar ilimi ta birnin Chicago ta kaɗa ƙuri'ar rufe makarantu 50 a lokaci guda, abin da ake ɗauka shi ne mafi girma irinsa a tarihin ƙasar. Magajin garin lokacin, Rahm Emanuel, da mutanensa sun ce akwai giɓin dala biliyan 1 a kasafin hukumar, ga azuzuwa birjik babu yaran da za su cika su. Yadda suka auna kuwa, sun ɗauka kowane aji ya kamata ya ɗauki yara 30, makarantar da ta yi ƙasa sosai da wannan ma'auni sai a sa ta a jerin waɗanda ba a cin moriyarsu. Yara kimanin 12,000 abin ya shafa. Kashi 88 cikin ɗari baƙar fata ne, 'ya'yan talakawan kudanci da yammacin birnin.

An yi wa iyaye alƙawura masu daɗi. Makarantun da za su karɓi yaran za su samu iyakwandishan, da iPad, da ɗakunan karatu. Iyayen suka ce su ba iPad ne damuwarsu ba, hanya ce. Unguwannin nan suna da gungun 'yan daba, kowane gungu da iyakarsa, kuma yaron da aka ce ya tsallaka titi uku ya je sabuwar makaranta, yankin abokan gabar unguwarsu aka tura shi. Duk wanda ya tashi a Kano ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba. Dole hukumomin birnin suka faɗaɗa wani shiri mai suna Safe Passage, inda ake biyan manyan unguwa su sa riga mai ƙyalli su tsaya a kan hanya safe da yamma suna lura da yara. Ka ga an rufe makaranta don a rage kashe kuɗi, an buɗe sabuwar ƙofar kashe kuɗi a bakin titi.

A 2018 masu bincike na Jami'ar Chicago suka fitar da rahoto a kan abin da ya biyo baya, kuma akwai abu ɗaya a ciki da ya kamata duk wani kwamishinan ilimi ya sani. Makin yaran ya fara faɗuwa ne tun a shekarar da aka sanar za a rufe makarantun, kafin ma a sa kwaɗon. Wato zaman jiran hukunci shi kansa ya ci karatu. Malami na tunanin ko zai rasa aikinsa, uwa na yawon neman inda za ta kai ɗanta, yaro na jin ana ce wa makarantarsu wadda ta gaza. Daga baya makin karatun Turanci ya farfaɗo, amma a lissafi an kai shekara huɗu ana ganin giɓin. A makarantun da suka karɓi baƙi kuma, an samu zaman 'yan gida da 'yan ci-rani, tsakanin yara har da tsakanin malamai, kuma kayan aiki da dama sun salwanta wajen kwasa.

Wani abin a gefe: shugabar hukumar makarantun da ta jagoranci rufewar, Barbara Byrd-Bennett, ta ƙare a gidan yari a 2017 bisa laifin cin hanci. Ba a kan rufe makarantun ba ne, a kan wata kwangilar horar da shugabannin makarantu ce. Amma ka yi tunanin yadda uwar da aka ce wa babu kuɗin riƙe makarantar ɗanta ta ji da wannan labari.

Mutanen birnin ba su naɗe hannu ba. A 2015 wasu iyaye da 'yan gwagwarmaya suka yi yajin cin abinci na kwana 34 saboda sakandaren Dyett da ke unguwar Bronzeville, kuma a 2016 aka sake buɗe ta. Gine-ginen 2013 kuwa, shekara goma bayan nan da yawansu suna nan a kulle, ciyawa ta cinye fili.

Ƙasar Sin ta yi nata a ƙauyuka, kuma ta yi shi da girma. Daga 2001 gwamnati ta ba ƙananan hukumomi damar rufe ƙananan makarantun karkara su tara yara a garuruwa. Cikin shekara goma, kimanin rabin firamaren karkara suka ɓace. Gine-gine sun yi kyau, malamai sun taru, amma tafiya ta yi nisa, aka riƙa kai ƙananan yara makarantun kwana, wasu iyayen kuma suka cire 'ya'yansu gaba ɗaya saboda kuɗin mota da na abinci. A Nuwamban 2011 a lardin Gansu, wata mota mai kujera tara da aka cusa wa 'yan nazire sama da 60 ta yi karo da babbar mota, yara 19 suka rasu. Hatsarin ya tayar da ƙura a kan yadda ake jigilar 'yan makaranta a karkara. A 2012 gwamnatin tsakiya ta kafa dokar motocin makaranta, ta kuma umarci a daina rufe makarantu barkatai ba tare da jin ta bakin iyaye ba. Ƙasar da ke da kuɗin shimfiɗa titi har ƙauye ke nan fa.

Tara yara wuri ɗaya ba shi ne tsaro ba

Mu dawo gida. Hujja mafi ƙarfi a wajenmu ita ce tsaro: gara a tsare makaranta ɗaya da kyau da a bar goma a daji. Maganar tana shiga hankali. Amma ka tuna Kuriga. Ranar 7 ga Maris ɗin 2024 'yan bindiga suka shiga makarantar garin, a Ƙaramar Hukumar Chikun, da safe bayan taron layi, suka kora yara cikin daji. Da farko an ce 287 ne, daga baya hukumomi suka ce 137, waɗanda aka sako ranar 24 ga watan. Rahotannin lokacin sun nuna cewa 'yan sakandaren garin a harabar firamaren suke karatu, domin an riga an taso su daga nasu ginin saboda rashin tsaro. Wato an haɗe su ne don a kare su, sai ɓarayin suka tarar da manya da ƙanana a wuri ɗaya.

Chibok ma akwai irin wannan a cikin labarinta. A Maris ɗin 2014 an rufe makarantu da yawa a Borno saboda Boko Haram, sai aka tara ɗalibai a Chibok don rubuta jarrabawar WAEC, har da waɗanda suka zo daga wasu garuruwan. Daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276. Ƙanƙara da Kagara da Jangebe duk makarantun kwana ne, inda ɗaruruwan yara ke barci a wuri guda.

Ba ina cewa kada a haɗe ba ne. Cewa nake yi idan ka tara yara 900 a inda da 300 ne, ba ka ƙara katanga da masu tsaro da hanyar sanar da jami'ai cikin gaggawa ba, to aikin ɓarawo ka sauƙaƙa. Sannan ga hanya. Yaron da a da yake tafiyar minti biyar cikin gari, yanzu zai ratsa gonaki da surƙuƙi shi da sa'o'insa, ba malami, ba babba. Katangar sabuwar makaranta ba ta kai nan ba.

Ke 'yar uwa, ke kin fi kowa sanin wanda zai fara biyan wannan farashin. A gidajenmu, idan makaranta ta yi nisa, namiji a kan ce ya daure, ko a nemo masa tsohon keke. Mace kuwa, musamman in ta kai aji biyar ko shida ta fara girma, Inna za ta ce ita kam hankalinta bai kwanta ba, Baba ya ce to ta zauna tukuna a ga yadda hali zai yi. Wannan "tukuna" ɗin sau da yawa a ɗakin miji yake ƙarewa. Ba ƙin boko ba ne ya jawo, lissafin uwa ne da ke tsoron abin da zai samu 'yarta a hanya. Ka ƙara da kuɗin babur kullum, zuwa da dawowa, ga yara uku ko huɗu, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Ka ƙara da rafin da ke cika a watan Agusta ya raba ƙauye da gari. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Makarantar da sai ka biya ɗan acaɓa kafin ka isa, sunan kyauta kawai ta amsa.

Abin haushin shi ne, yarinyar da ta daina zuwa ba za ta fito a rahoton kowa ba. Tsohuwar makaranta an rufe rajistarta, sabuwar kuma ba ta taɓa rubuta sunanta ba. Jami'i zai kawo hoton aji cike da yara ya ce an yi nasara, kuma ba ƙarya ya yi ba, ajin a cike yake.

A ganina akwai wuraren da haɗewa ita ce daidai, kuma bai kamata mu riƙa ihu don kawai gwamnati ce ta faɗa ba. Inda firamare biyu ke kallon juna a cikin gari, ɗaya ta cika ta batse, ɗaya rabin azuzuwanta awaki ke kwana, a haɗe su mana. Inda mutanen gari suka watse gaba ɗaya, tilasta wa malami ya riƙa hawa babur zuwa can kullum tamkar miƙa shi ne ga masu garkuwa. Matsalar tana tsakiya, a garuruwan da rabin mutane suka gudu rabi suka tsaya. Waɗanda suka tsaya ɗin galibi su ne waɗanda ba su da kuɗin gudu. A nan akwai wasu hanyoyin kafin a kai ga kwaɗo: a bar 'yan aji ɗaya zuwa uku a garinsu da malami ɗaya ko biyu 'yan asalin wurin, manyan su tafi babbar makarantar a ayari tare da rakiya. Ko a horar da malami yadda zai koyar da aji biyu a ɗaki ɗaya bisa tsari, kamar yadda ake yi a ƙauyukan ƙasashe da dama.

To kai ina naka a ciki?

Kana da waya, kuma a wannan maganar waya ba ƙaramin makami ba ce. Idan ka ji ƙishin-ƙishin za a taɓa makarantar garinku ko ta ƙauyen kakanninka, kada ka tsaya a zagin gwamna a ƙarƙashin labari. Fara da kwamitin SBMC na makarantar, wanda ya ƙunshi iyaye da mai unguwa da malamai, ka ji ko an tuntuɓe su. Je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma cikin ladabi ka tambayi wace makaranta ce za ta karɓi yaran, aji nawa gare ta, malamai nawa za a ƙara mata. Dokar 'yancin neman bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wasiƙa ka nemi irin waɗannan alƙaluma.

Sannan ka yi abin da jami'in da ke ofis ba zai yi ba. Ka tashi da ƙarfe bakwai na safe, ka kama hannun ɗan shekara bakwai, ku taka daga tsohuwar makarantar zuwa sabuwar. Da saurinsa za ku tafi, ba da naka ba. Ka duba agogo, ka ɗauki bidiyon kwazazzabon da gadar da ta karye da wurin da babu gida ko ɗaya, amma kada ka nuna fuskar yaron, kada kuma ka wallafa abin da zai zama taswira ga miyagu. Bidiyon minti biyu irin wannan, in ya isa hannun kansila da ɗan majalisar jiha da 'yan jarida, ya fi dogon rubutun fushi aiki. Ku 'yan ƙungiyar ɗaliban garinku kuna iya rubuta sunayen yaran tsohuwar makarantar kafin a rufe, bayan zango ɗaya ku je sabuwar ku ƙirga nawa suka iso, mata nawa, maza nawa. Lambar da ta ɓace a tsakani ita ce za ku kai wa SUBEB.

Kada kuma ka manta da ginin. Mun sha ganin yadda filayen makarantu a biranenmu ke wayar gari sun zama shaguna da fulotai, kuma makarantar da babu yara a cikinta ta fi sauƙin yankawa. Idan an ce maka rufewar ta wucin gadi ce, nemi a rubuta watan da za a dawo a sake ƙirga yaran garin, da sunan ofishin da makullin zai zauna a hannunsa. Ka ɗauki hoton takardar, ka tura wa mai gari kwafi, ka ajiye ɗaya a wayarka.